Akwatin ake fara wa ko 'ya'yansa? Waɗanda suka taɓa sabunta famwayar biled, ku ba mu labari

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka miƙa mini makullin ɗakin sabobi a wurin aikinmu, bayan wanda ke riƙe da shi ya samu canjin aiki zuwa Legas. Abin da na gada akwatin HPE c7000 ne guda ɗaya, da biled (siraran sabobin da ake zurawa cikin akwatin) goma sha biyu a cikin ramuka goma sha shida, takwas Gen9, huɗu Gen8. Ta baya akwai OA biyu (Onboard Administrator, mai sarrafa akwatin), Virtual Connect biyu (masu haɗa biled da suwic na waje) a rami na 1 da na 2, da wasu biyu na FC (hanyar zuwa ma'ajiya) a rami na 3 da na 4. Biled goma suna ɗauke da VMware (mai raba saba ɗaya zuwa ƙananan sabobi, wato VM), biyu kuma Windows ce kai tsaye a kansu.

Da na zauna na jera sigogin famwaya (manhajar da ke cikin jikin kowace na'ura) a takarda, sai na ga kowa da kiɗansa. iLO (abin da ake sarrafa biled da shi daga nesa) na wannan daban, na maƙwabcinsa daban, OA kuwa da alama tun ranar da aka kafa akwatin ba wanda ya leƙa shi. Masu binciken tsaro sun zo sun rubuta mu, oga ya ba ni daren Juma'a nan da mako biyu, daga bayan isha'i zuwa asuba, in sabunta su duka.

Takardun kamfanin na karanta har kaina ya ɗau zafi. Roƙona, wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa mini da wanne ya fara, kuma a ina ta cije shi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daga sama za ka faro ka gangaro: OA, sai Virtual Connect, sannan biled ɗin ɗaya bayan ɗaya. A cikin kowane biled kuma iLO ne gaba, sai BIOS, sai katunan sadarwa da na faifan ajiya tare da direbobinsu.

Dalilin ba boyayye ba ne. OA ne mai gidan akwatin. Shi ke ba kowane biled izinin jan wuta, shi ke juya fankoki, shi ke magana da iLO, kuma Virtual Connect ma ta bakinsa yake isa ga sauran. Sabon mai gida yana jin yaren tsofaffin yara, tsohon mai gida ne ba lallai ya ji yaren sabon yaro ba. Ni da jikina na koya. Shekarun baya aka kawo mana biled Gen9 sabo fil, na zura shi a akwatin da OA ɗinsa tun zamanin G7 yake. Ya ƙi tashi. Na zare, na hura, na mayar, na canza rami, har na fara rubuta wa dillali cewa ya kawo mana matacce. Ashe mai gidan ne bai san baƙon ba. Da na ɗaga OA, ko minti biyar ba a yi ba ya kama.

Kada OA ya ba ka tsoro. Sabobin da ke aiki ba sa mutuwa don an sabunta shi, shafinsa ne kawai zai ɗauke na 'yan mintoci. A cikin OA biyun, wanda ke bakin aiki kake ba fayil ɗin, shi zai kula da ɗan'uwansa mai jiran gado. Bayan sun dawo ka tabbata sigarsu ɗaya. Kafin nan kuma ka shiga ta SSH ka buga `show all` da `show config`, ka ajiye abin da suka fitar a kwamfutarka. A kwamfutarka na ce, ba a wata saba da ke cikin akwatin ba. Kada ka yi dariya, na ga wanda ya ajiye makullin ɗaki a cikin ɗakin.

Abu biyu game da SPP, kunshin famwaya da direbobi na HPE. Gen8 da Gen9 yanzu ba faifai ɗaya ke ɗauke da su ba, na Gen8 daban yake, don haka biyu za ka sauke. Idan kuma ta hanyar EFM na cikin OA, mai tura famwaya ga biled, kake son turawa, ba ya karɓar fayil ɗin faifai (ISO) da ya kai 4GB, sai ka haɗa naka ƙarami. Ka fara saukewa tun yau, ka san intanet ɗinmu, kuma ka gwada SHA-256 ɗin kafin ka yarda da fayil ɗin.

Mai Kebul:
Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, amma ya tsallake inda jini ke zuba. Jerin da kansa ko yaro zai haddace. Abin da ke kashe mutum shi ne kalmar "biyu". Muna da Virtual Connect biyu, muna da suwic biyu, muna da hanya biyu zuwa ma'ajiya. Wa ya taɓa kashe ɗaya ya ga ɗayan ya ɗauki kayan?

Ga tawa. Na yi komai bisa ƙa'ida. A VCSU, manhajar sabunta Virtual Connect, na buga `vcsu -a healthcheck` ya fito tas, na ɗauki kwafin saiti da `configbackup`, na bar shi a kan tsarin odd-even, wato na ramukan mara su sake tashi tukuna, sannan na cika. Ɓangare ɗaya ya kwanta, zirga-zirga ta koma ɗayan, allon sa-ido duk kore. Ina shan shayi sai ga waya daga mai lissafin albashi, wanda ya tsaya aikin dare saboda ƙarshen wata ne, wai manhajarsu ta tsaya cak. Muka bi diddigi. Wata takwas kafin nan an ƙara sabon VLAN (keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa) na sashensu, aka saka shi a suwic na farko, aka manta da na biyu. Wa ya manta? Ni. Wata takwas ana tafiya da ƙafa ɗaya ba wanda ya sani, don ba ranar da aka taɓa ɗaga ƙafar.

Na biyu, ramukan suwic na sama da kebul ɗin Virtual Connect ke shiga. Idan ba ka saka musu portfast ba, ko edge a wasu suwic ɗin, duk lokacin da layin ya dawo tsohon spanning tree zai riƙe shi daƙiƙa 15 yana saurare, 15 yana koyo. Daƙiƙa 30 ke nan layi a kunne amma ba ya wuce da komai. Idan a wannan tsakanin ɗaya ɓangaren ya kwanta, ka shiga duhu gaba ɗaya. Shi ya sa nake ƙara `-we` a VCSU, in ba shi 'yan mintoci tsakanin wannan da wancan. Gaggawar me ake yi da tsakar dare?

Shawarata, mako guda kafin ranar, ka nemi izinin rabin awa da yamma bayan an tashi aiki. Ka rufe layukan sama na rami na 1 daga suwic, ka bi kowane VLAN da ping. Ka buɗe, ka rufe na rami na 2, ka sake bi. Haka za ka yi wa FC: ka shiga kowane ESXi (biled mai VMware) ka ƙirga hanyoyin kowane LUN (yankin ma'ajiya) da idonka.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Yallaɓai. Tambaya: idan na rufe layin daga suwic na sama, ta yaya sabar za ta san hanyar ta mutu, tunda tsakaninta da Virtual Connect layin na nan a kunne?

Mai Kebul:
Ka yi tambayar da ta dace. Ya danganta da yadda magabacinka ya tsara. Idan kowane ɓangare da nasa layukan daban, duka biyu suna aiki, to SmartLink ne ke kashe layin da ke fuskantar sabar idan na sama sun mutu, don ta gane ta juya. Ka duba an kunna shi a kowace hanyar sadarwa, ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa ɗaya ke aiki ɗaya na jira, Virtual Connect da kansa zai karkatar ta layin da ya haɗa su biyun. Ka gano wanne gare ka kafin ka taɓa komai.

'Yar Zazzau:
Salamu alaikum. Mu Cisco UCS gare mu, ba irin naka ba, amma bari in zuba tawa ko wani zai tsira.

A wurinmu fayilolin ma a rabe suke zuwa: kunshin A na kayan gida, B na biled, C na sabobin rak. A ne gaba kullum. UCS Manager, mai sarrafa komai, tukuna, sai IOM (katunan haɗin akwati) na cikin akwatunan a ɗora musu sabuwar siga a bar ta sai tashi na gaba, sai mataimakin cikin fabric interconnect biyu (suwic ɗin da akwatunan ke haɗuwa a kai), wanda idan ya sake tashi IOM na ɓangarensa ke binsa. Sai ka tsaya. Ka duba komai ya dawo, `show cluster extended-state` ya ce HA READY, hanyoyin ma'ajiya sun cika, sannan ka amince wa babban ya sake tashi. Akwai kuma damar kwashe zirga-zirga daga ɓangare guda tun kafin a taɓa shi, wadda ita ce gwajin da Mai Kebul ke magana, sai dai a nan maɓalli ne, kuma idan ka ga ba daidai ba sai ka mayar nan take.

Duk wannan na yi shi lafiya lau a daren Asabar. Ranar Talata da hantsi ta same ni. Na ce bari in shirya kunshin B tun yanzu, in ya so ƙarshen mako sai in riƙa sake kunna biled ɗin ɗaya-ɗaya. Na shiga samfurin da duk bayanan sabobinmu ke rataye da shi, na canza masa kunshin famwaya. Wani gargaɗi ya fito da jerin sunaye. Na saba ganin gargaɗi, na danna Yes. Ashe ƙa'idar gyaran da ke kan samfurin a Immediate (a yi nan take) take, ba User Ack (sai ka amince) ba. Biled takwas, cikin akwatin 5108 kaf, suka kwanta lokaci ɗaya, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mutane na kan layi a gaban kanta.

Ba zan manta shirun da ɗakin ya yi ba kafin wayoyi su fara. Kuma ba abin da za ka iya yi, don katse famwaya a tsakiya ya fi barinta muni. Haka na zauna ina kallon kashi-kashi na hawa, ogana na tsaye a bayana bai ce uffan ba. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Gargaɗin nan da na tsallake, sunayen sabobin da za su mutu ne ya jera mini ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ko sabon wuri na je, kafin in zauna sai na duba ƙa'idar nan. Kai ma ɗan'uwa, duk kayan aikin da ka ɗauka, SUM na HPE ne ko wani, ka nemo inda aka ce ya sake kunna sabar da kansa bayan ya gama, ka tabbata a kashe yake.

Na Damagaram:
Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ni tawa ba ta danna maɓalli ba ce, ta wuta ce, kuma na yi mamaki har yanzu ba wanda ya ambace ta, ko ku can wutarku ta gyaru ne?

Dell M1000e muke da shi, na hannu, an sayo shi daga Turai. Tsarin kusan ɗaya ne da naku: CMC biyu (OA ɗinmu ke nan) tukuna, sannan iDRAC (iLO ɗinmu) na kowane biled, sannan BIOS da sauran. Wanda bai taɓa yi ba ya sani, lokacin da CMC ke sake tashi fankokin akwatin duka suna tashi da ƙarfinsu na ƙarshe, kamar jirgi zai ɗaga. Mai gadinmu har ya leƙo da gudu. Ba komai ba ne, suna sauka da kansu.

Kuskurena, na ga CMC ya wuce lafiya sai na ji ƙarfin gwiwa, na tura BIOS ga biled uku a tare. Watan Afrilu ne, zafi ya kai inda ya kai. Suna tsakiyar rubutu wutar gari ta ɗauke. UPS ɗin da muke taƙama da shi, wanda allonsa ke nuna batir cike, bai riƙe ko minti ɗaya ba, batiran sun daɗe da mutuwa a tsaye. Kafin gurup, wato janareta, ya tashi komai ya yi tsit. Da wuta ta dawo biyu sun farfaɗo bayan na yi musu reseat ta CMC, wanda tamkar ka zare biled ne ka mayar ba tare da ka taɓa shi ba. Na ukun bai sake buɗe ido ba. Sai da muka ciro allon wani da muke ajiye da shi don kayan gyara.

Tun daga ranar, idan zan taɓa famwaya, tun kafin in fara nake sa a tayar da gurup a mayar da ɗakin kansa, ko da akwai wutar gari. In leƙa tankin gas da kaina, in ce wa mai kula da shi kada ya juya layi sai na kira shi. Kuɗin man awa shida bai kai kuɗin allo ɗaya ba, balle jiran a kawo shi daga waje. Kuma ban ƙara yi wa fiye da ɗaya a lokaci guda ba sai na ga na farkon ya tashi ya yi aiki.

Mai Gadin Dare:
Ni fa duk labaran nan ƙara mini imani suke da ra'ayina. Hajiya ta kashe takwas, na Damagaram ya binne ɗaya, Mai Kebul ya tsayar da albashi. Duka a garin gyaran abin da bai lalace ba. Akwatina shekara biyar ban taɓa masa famwaya ba, ko tari bai taɓa yi ba. A rufe hanyar shiga OA da iLO a VLAN nasu su kaɗai, a bar kaza cikin gashinta.

Tsohon Hannu:
Malam, raba su da sauran hanyoyin sadarwa wajibi ne, a nan muna tare. Amma shekara biyar ɗin nan bashi kake tarawa. Ranar da kati ya mutu aka kawo maka madadinsa da sabuwar siga, ko ka tashi ɗaga ESXi ya ce sai famwaya kaza, ranar za ka biya, kuma ba kai za ka zaɓi lokacin ba. Ga shi idan tazara ta yi nisa ba a tsallakawa kai tsaye, sai an taka wata siga ta tsakiya, wani lokacin biyu. Aikin dare ɗaya ya zama na uku. Har burauza ma sai ta juya maka baya: sababbin sun daina yarda da tsohon TLS (tsarin tsaron shafi), za ka ga mutum na ajiye da wata tsohuwar laftop saboda shafin OA kawai. Ina da ita, kada ka tambaye ni.

Na Damagaram, abin da ya same ka ya tuna mini: ProLiant na ajiye kwafin BIOS biyu, idan sabon ya lalace ana iya komawa tsohon. Yana ceto, amma ban ce wani ya jingina da shi ya ƙi tayar da janareta ba.

Ɗan Rak:
A gajarce, don an faɗi yawanci. Famwayar katin sadarwa da direbansa na cikin ESXi tare suke tafiya, kamar takalmi ne, ba a canza ƙafa ɗaya. Na taɓa ɗaga famwayar katunan na bar tsohon direba, na ce sai wani satin. Daren komai lafiya. Kwana huɗu bayan nan layuka suka fara ɗaukewa suna dawowa idan kaya ya yi nauyi, lokacin bakof musamman. Mun zargi suwic, mun zargi kebul, mun canza SFP (kan da kebul ke shiga) biyu, don ba wanda ya kawo aikin da aka yi kwana huɗu baya a ransa. Ka buɗe jadawalin dacewa na VMware da takardar haɗin da HPE ke fitarwa, ka rubuta siga da siga kafin ranar.

Windows ɗin nan biyu kuma, idan da BitLocker (makullin faifan Windows) a kansu ka dakatar da shi kafin BIOS, kuma makullin farfaɗowa ya kasance a aljihunka. Lamba 48 ce, ba a cankarta.

Sabon Hannu:
Jama'a, na dawo da rahoto, kuma Allah ya saka wa kowa.

Gwajin Mai Kebul na fara yi ranar Alhamis ta makon farko. VLAN duka sun wuce. Amma ɗaya daga cikin Windows ɗin ya ɓace ɗif da na rufe rami na 1: katunansa biyu ba a taɓa haɗa su ba, na biyun ko adireshi babu. ESXi na rami na 9 kuma hanya ɗaya kawai yake gani zuwa ma'ajiya, an manta shi a zoning (jerin wa zai ga ma'ajiya) na suwic ɗin FC na biyu. Da na shiga daren Juma'a haka, da yanzu labarina na cikin na sama.

Na koma wurin oga na ce dare ɗaya ba zai ɗauki komai ba. Ya ɗan ɓata rai, ya yarda. Daren Juma'ar, a kan janareta tun ƙarfe tara, OA da Virtual Connect kawai na yi. OA bai ba ni wahala ba. Virtual Connect da na FC sun ci fiye da awa ɗaya saboda jiran da na saka a tsakani, ping biyu kacal na rasa. Biled ɗin kuma na bi su cikin mako, biyu kowace yamma: in kwashe VM ɗin da vMotion, in saka shi yanayin gyara, iLO, BIOS, katuna da direba, in mayar masa da VM marasa muhimmanci tukuna su kwana.

Guda ɗaya ya tsorata ni. iLO na rami na 6 ya yi shiru bayan sabuntawa, OA na nuna ramin da alamar tambaya. Na jira minti ashirin, sannan na buga `reset server 6` a OA. Ga wanda bai sani ba, wannan yanke wa biled wuta yake gaba ɗaya kamar an zare shi, don haka sai wanda ba komai a kansa. Ya dawo da sabuwar sigar.

Gen9 takwas sun gama. Gen8 huɗun na nan, ciki har da Windows biyun, don har yau ba a gano inda magabacina ya ajiye makullin BitLocker na ɗayansu ba. Na kira shi sau biyu, ya ce zai duba wata tsohuwar filashi idan ya koma gida.

Mai Gadin Dare:
Tunda sabar na kunne, ka shiga a matsayin admin ka buga `manage-bde -protectors -get C:` zai nuna maka lambar. Ka rubuta a takarda ka kai sef ɗin oga. Ka bar bawan Allah da filashinsa.